Labarai kai tsaye: a Ingila ana ba da lambar yabo, a gida ana cin tara

Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, 'yan jaridar talabijin na Birtaniya sukan hallara a wani babban otal a Landan domin rabon lambobin yabo. Ƙungiyar Royal Television Society ce ke shirya taron, kuma cikin rukunan da aka fi zuba wa ido akwai na labari da ɗumi-ɗuminsa, irin wanda tasha ke katse shirinta ta kama watsawa kai tsaye alhali ita kanta ba ta san inda abin zai tsaya ba. A watan Mayu sai BAFTA, ƙungiyar fina-finai da talabijin ta Birtaniya, ta ba da tata lambar ta ɗaukar labarai. Amurkawa ma suna da nasu, su Emmy da Peabody da duPont. Ni ba ɗan jarida ba ne. Ɗan Jos ne mai jarabar sauraron labarai, wanda neman abinci ya kai shi Manchester. Duk sa'ad da aka karanto sunayen waɗanda suka yi nasara sai hankalina ya koma gida, kan mutanen da suka riƙe makirufo a ranakun da garinmu ya hargitse. A ganina sun cancanci yabo na gaske, amma ba da mudun Turawa za a auna su ba.

Sai dai a fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Lambobin nan na Ingila suna da amfani, domin suna nuna wa yaron da ya shigo aikin jiya abin da manya ke kira aiki. A 2022 BAFTA ta ba ITV lambar labarai saboda rahoton Robert Moore, wanda shi da mai kyamara da furodusa suka bi magoya bayan Trump har cikin ginin majalisar dokokin Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, ana fasa tagogi suna tambayar mutane abin da ya kawo su. Wanda ya fi burge ni kuwa na nan kusa da ni ne. Granada Reports shirin yanki ne kawai, na arewa maso yammacin Ingila, amma ya doke manyan tashoshin Landan a BAFTA a 2007, kan shari'ar 'yan China sama da 20 da ruwa ya ci a gaɓar tekun Morecambe, ya sake doke su a 2013, kan ranar da gaskiyar turmutsitsin da ya hallaka 'yan kallo a filin ƙwallo na Hillsborough ta fito fili. A wajenmu sai ka ce wata tasha a Jos ko Yola ta kayar da duk na Legas da Abuja a gasar ƙasa, kuma babu wanda ya ce alfarma aka yi mata.

Kwaɗayin lamba yana da tasa cutar, kuma Turawan sun ɗanɗana ta. A watan Agustan 2014 'yan sandan South Yorkshire suka je binciken gidan mawaƙi Sir Cliff Richard bisa wani zargi. BBC ta samu labarin tun kafin a je, ta tayar da jirgi mai saukar ungulu yana shawagi a kan gidan, aka ambaci sunan mutumin a labaran rana, duniya ta gani. Ba a taɓa kama shi ba, balle a gurfanar da shi. Ya kai ƙara, a watan Yulin 2018 babbar kotu ta ce an keta masa haddi, ta yanke diyyar fam 210,000. Fam 20,000 daga ciki ƙari ne da alƙali ya yi saboda BBC ta ɗauki labarin ta shigar da shi gasar Royal Television Society, a rukunin wanda ya riga kowa samo labari. Lambar ma ba su samu ba. A nan Manchester, bayan bam ɗin da ya kashe mutum 22 a wajen wasa a watan Mayun 2017, rahoton Lord Kerslake ya kawo koken iyalai kan yadda wasu 'yan jarida suka addabe su suna cikin makoki. A Amurka kuwa, a Afrilun 2013, CNN ta sanar kai tsaye cewa an kama wanda ake zargi da bam ɗin Boston alhali ba a kama kowa ba, ta dawo ta janye. A can irin wannan kuskure abin da yake jawowa shi ne kunya, ko ba'a a shirin barkwanci, ko diyya. A Jos gawa yake jawowa.

Ko da yake su ma sun fara gane hakan. Ranar 29 ga Yulin 2024 aka kashe yara mata uku da wuƙa a Southport, ba nisa daga nan. Kafin gari ya waye an cika intanet da wani suna na ƙarya mai kama da na Musulmi, ana cewa wanda ya yi kisan ɗan gudun hijira ne da ya shigo ta kwale-kwale. Washegari da yamma aka far wa masallacin garin, rikici ya bazu zuwa wasu garuruwa. Manyan tashoshi ba su kama sunan ƙaryar ba, na gaskiyar kuma doka ta hana a faɗa saboda yaron bai cika 18 ba, sai da alƙali ya ɗage hanin ranar 1 ga Agusta. Ashe a Cardiff aka haife shi. A makon nan matanmu masu hijabi sun rage fita, masallatai sun ƙara masu gadi. Abokan aikina Turawa suna ta mamakin yadda suna guda zai tayar da gari, ni kuwa ban ce komai ba, don wanda ya girma tsakanin Dilimi da Gangare ya san yadda "an ce an ce" ke rufe kasuwar Terminus kafin a idar da sallar Azahar.

Babban rikicin Jos na farko a wannan zamani ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumban 2001. Human Rights Watch ta ƙiyasta kusan mutum 1,000 suka mutu cikin ƙasa da mako guda. Wayar salula a watan Agustan shekarar ta fara aiki a Najeriya, saboda haka kusan babu mai ita a unguwa. Mutum yana ganin hayaƙi ta wajen Congo-Russia ko Nasarawa, amma sai ya jira shirin rana na BBC Hausa ko Muryar Amurka ko Jamus kafin ya ji abin da ke faruwa a bayan gidansa. Kwana huɗu da farawa aka kai harin 11 ga Satumba a Amurka, idon duniya ya juya can. Abin da tashoshin Amurka suka watsa a wannan Talata yana nan a ajiye, minti bayan minti, ɗalibi zai iya zama ya kalla daga farko har ƙarshe, ya ga wanda ya yi gaggawa da wanda ya yi haƙuri. Jami'ar Vanderbilt tun 1968 take naɗar labaran dare na manyan tashoshin ƙasar. Mu kuwa abin da gidajen rediyon Jos suka faɗa a waccan Juma'a, ko a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ko a Janairun 2010, ko ranar 20 ga Mayun 2014 da bama-bamai biyu suka kashe sama da mutum 100 a Terminus, a ƙwaƙwalwar masu sauraro kawai muke nemansa, kowa kuma da yadda ya tuna.

Abin takaici shi ne Jos ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a. Tashar talabijin ta tsohuwar jihar Benue-Plateau ce ta fara watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin jihohi a kafa NTA a 1977. Kwalejin horar da ma'aikatan talabijin ta NTA tana Rayfield har gobe, kuma da wuya ka shiga wata tsohuwar tasha a ƙasar nan ba ka tarar da wanda ya bi ta can ba.

To amma ina motar watsa shiri kai tsaye take zuwa a wajenmu? Inda aka biya. Gangamin siyasa, naɗin sarauta, ɗaurin auren 'yar mai kuɗi, bikin yaye ɗalibai, buɗe titin da aka riga aka buɗe bara. Ana sayen lokacin ne awa-awa, kuma ba na ganin laifin tasha a nan, domin dizal ɗin janareto ba da yabo ake sayensa ba. Illar ita ce ranar da babban labari ya faɗo babu mai biya, saboda haka motar tana kwance, wakili ɗaya ne zai hau Keke Napep da kuɗin aljihunsa da wayar da cajinta ya kusa ƙarewa. A Ingila labarin gaggawa shi ne inda tasha ke zuba duk ƙarfinta, don a nan take gina sunanta. Mu a nan ne muke tsuke bakin aljihu.

Ranar da aka bar kyamara a kunne, mun ga amfaninta. A 31 ga Maris na 2015, ana tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a babban ɗakin taro na ƙasa da ƙasa a Abuja, Godsday Orubebe, tsohon minista kuma wakilin PDP, ya karɓe makirufo yana ɗaga murya yana zargin Farfesa Attahiru Jega da son kai. Tashoshi ba su katse ba, ba su sa waƙa ba. Kowa ya ga mai ihun, ya ga Jega zaune bai ko ɗaga murya ba, ya ga an ci gaba da karanta ƙuri'u jiha bayan jiha, har zuwa yamma da Jonathan ya buga wa Buhari waya. A Jos ranar shaguna da yawa a rufe suke, mutane sun yi cirko-cirko gaban talabijin a shagon aski da wajen mai shayi. Da a ce allo ya yi baƙi na minti goma a daidai lokacin, Allah kaɗai ya san labarin da zai zagaya Bauchi Road da Tudun Wada. Wanda ya zauna a ɗakin sarrafa hoto ya yanke shawarar kada a katse ya yi wa ƙasa aiki, kuma ba a kira shi kan dandamali ba.

Amma aikin da ya fi tsaya min a rai ƙarami ne, kuma da Hausa aka yi shi. A watan Agustan 2021, bayan an tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe sama da 20, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Ina nan ina sauraron wata tashar FM ta gida ta wayata, hannuna ɗaya yana kiran ƙanwata da ke Anguwar Rogo layi ba ya shiga. An buɗe layi ga masu sauraro. Wani ya kira yana haki, ya ce ga su nan sun shigo wata unguwa, ya kama sunanta, ya fara faɗin ko su waye. Mai gabatarwa bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, "Malam, tsaya. Da idonka ka gani, ko faɗa maka aka yi?" Mutumin ya ce ai kowa na faɗa. Ya ce, "To mun ji, Allah ya tsare. Jama'a, wannan magana ba mu tabbatar ba, kada kowa ya fito saboda ita, ku ba mu lokaci." Ana jin ƙarar takarda da wata murya can ƙasa-ƙasa a bayansa, da alama furodusa ne ke neman lamba. Bayan ɗan lokaci ya dawo da wani mai unguwa na wajen a kan layi, dattijo, muryarsa a shaƙe, ya ce yana ƙofar gidansa a tsaye, sojoji ne suka wuce da mota yara suka watse da gudu, ba wanda ya shigo. Mai gabatarwa ya sa shi ya maimaita. Sannan shi ma ya maimaita da Turanci, saboda maƙwabtan da ba sa jin Hausa sosai.

Idan ka kai wannan gaban alƙalan Landan babu abin da za su gani. Babu hoto, babu hayaƙi, babu wakili da rigar sulke, labarin ma a ƙarshe shi ne ba abin da ya faru. Amma duk wanda ya san garin ya san abin da aka kashe a waɗannan mintoci. Kuma mutumin ya yi shi ne ba tare da kayan da takwaransa na nan ke da su ba. A gidajen rediyon Ingila masu buɗe layi, akwai mai tace kira kafin a sada shi da situdiyo, akwai kuma na'urar da ke jinkirta sauti na 'yan daƙiƙoƙi, ta yadda idan mai kira ya ɓaro magana za a danna maɓalli a share ta kafin ta kai kunnen kowa. A tashoshinmu da yawa wayar tana kan tebur gaban mai gabatarwa, abin da ya shigo ya fita. Harshensa da hankalinsa su ne na'urar.

Kada a ɗauka ina yabon shiru ne. Akwai shirun da ba natsuwa ba ne, tsoro ne ko umarni daga sama. Na sha kama wata tasha a ranar da ake kwasar gawa na tarar ana kiɗa, ko ana karanta sanarwar cewa komai lafiya jama'a su ci gaba da harkokinsu, alhali ana jin harbi ta taga. Irin wannan shi ke kashe amana, kuma da zarar mutane sun daina yarda da rediyo sai su koma ga saƙon murya na WhatsApp, inda babu mai tambayar kowa ko da idonsa ya gani. Akwai kuma cutar da ta fi wannan zurfi, wadda mu 'yan Jos ba ma son a taɓo. Garin ya rabu, kunnuwa ma sun rabu. Mai sauraro a Rikkos da mai sauraro a Kabong za su iya kwana a gari ɗaya su tashi da labarai biyu da ba su haɗu ko'ina ba. Idan namu aka kashe, a kawo adadi da sunaye da kukan uwa. Idan nasu ne, a ce "an samu hatsaniya" a wuce zuwa wasanni. Kowane ɓangare na yin haka, har da namu, kuma tashar da ta yi haka ba ta cancanci lamba ba ko da ta riga kowa isa wajen.

Hukuma kuwa hanyar da ta fi sani ta kula da labaran kai tsaye ita ce tara. A watan Oktoban 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Najeriya ta ci Channels da AIT da Arise tarar naira miliyan 3 kowacce kan yadda suka ɗauki zanga-zangar EndSARS. A Agustan 2022 ta ci Trust TV miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindigar daji. A Maris na 2023 ta sake cin Channels miliyan 5 kan hirar kai tsaye da Datti Baba-Ahmed. Sai a watan Mayun 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin yanke tara. Ban ce kada a sa ido ba. Ingila ma tana da Ofcom, kuma tana hukunci. Amma editan da bai taɓa ganin an yaba wa wani kan labarin gaggawa ba, ya kuma ga an ci wasu tara, darasin da zai ɗauka a bayyane yake: ranar da abu ya faru, a jira sanarwar kakakin 'yan sanda.

Ga kuma waɗanda ba su jira ba. Enenche Akogwu na Channels an harbe shi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, yana tambayar shaidu bayan hare-haren Boko Haram na ranar. Zakariyya Isa na NTA Maiduguri an kashe shi a Oktoban 2011. Precious Owolabi, ɗan hidimar ƙasa ne ma da ke aiki da Channels, harsashi ya same shi a Abuja ranar 22 ga Yulin 2019 yana ɗaukar zanga-zangar 'yan Shi'a. A Jos, Nathan Dabak da Sunday Gyang Bwede na jaridar cocin COCIN an kashe su a Afrilun 2010 suna kan hanyar aiki. Wakilin babbar tasha a nan ba a tura shi wajen rikici sai ya yi kwas na kare kai, an ba shi rigar sulke da hular kwano, an yi masa inshora. Namu katin shaida kawai yake rataye da shi, wani ma albashin wata uku yake bi. Shi ya sa nake ganin duk lambar da za a ƙirƙiro, idan kuɗinta bai kai ya saya wa ƙungiyar da ta ci inshora da kayan kariya ba, ado ne kawai.

Ba cewa nake babu lambobin aikin jarida a Najeriya ba. Nigeria Media Merit Award da DAME suna nan tun farkon shekarun 1990, Channels ta ci gwarzuwar tashar talabijin fiye da sau goma, akwai lambar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf tun 2005. A 2017 Amina Yuguda ta Gotel a Yola ta ci lambar Komla Dumor ta BBC, muka yi murna. Waɗannan na mutunci ne. Amma abin da aka fi saninsu da shi shi ne gwarzon shekara da rahoton da aka zauna aka tace, aka gyara murya, aka ɗora kiɗa. A gefe guda kuma ga ɗaya kasuwar da kowa ya sani, ta allunan katako da ake bugawa a kai wa gwamna ko kwamishina a otal a Abuja, gwamnan da ya fi kowa son 'yan jarida, shugaban ƙaramar hukumar da ya fi kowa kaza, a ci abinci a raba ambulan. Wannan ta zubar da darajar kalmar yabo har ta kai idan ka ce a ba ɗan jarida lamba sai a tambaye ka nawa ne fom.

Abin da nake so a yi ba shi da ado. A Ingila da Amurka tasha ce ke zaɓo abin da za ta miƙa wa alƙalai, kuma ba mai miƙa inda ya yi tuntuɓe. Mu a juya abin. Alƙalai su zaɓi ranar, su ce a kawo mana awa uku na farko bayan faruwar abu kaza, yadda aka watsa su, ba yanka ba gyara. A saurara a ji: yaushe suka fara faɗa, wa suka ce ya gaya musu, sau nawa suka bambanta abin da suka tabbatar da abin da suka ji, da suka yi kuskure sun dawo sun gyara da bakinsu ko sun share sun wuce. Sun faɗa wa mutane hanyar da za su kauce wa da asibitin da ke neman jini, ko suna ta hira da ɗan siyasa? Sun ƙirga gawar kowa? A saurari na Hausa da na Berom da na Ngas da na Turancin buroka a teburi ɗaya da na Turanci, kada a ware musu wani ɗan rukuni na "harsunan gida" a ƙarshen takarda lokacin da manyan baƙi sun tashi. Alƙalan kuma a gauraya su, wanda ya fito daga Anguwar Rimi ya saurari tashar da ba ya kamawa a gida, na Gada Biyu ma haka. Lambar ta ƙungiya ce, a kira sunan furodusa da mai kyamara da injiniya da direba, don direban da ya san lungun da zai bi ya fito da mutanensa lafiya yana cikin waɗanda suka kawo labarin.

Na faɗa wa wani kawuna wannan magana, tsohon ma'aikacin injiniya ne a gidan rediyo, ya yi ritaya yana zaune a Bukuru. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kai ka daɗe a waje. Wa zai ba ka faifan? Mu a kan na jiya muke naɗar na yau." Gaskiyarsa. A Ingila doka ta tilasta wa gidan rediyo ya ajiye abin da ya watsa na kwana 42, manyan tashoshi kuma suna da rumbunansu na dindindin. Amma ba sai an roƙi tasha ba. Abin da aka watsa a iska na kowa ne. Peabody a Jami'ar Georgia take, duPont a Jami'ar Columbia, ba a ofishin minista ba, kuma dalilin ke nan ake ganin girmansu. Sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Jos da kwalejin Rayfield, ko Jami'ar Bayero a Kano, za su iya ɗaukar wannan nauyi. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kai: kada a sa wa lambar sunan gwamna mai ci, kada kuma a karɓi kuɗin gidan gwamnati, domin rabin manyan labaran da za a auna gwamnati na ciki.

Akwai masu cewa zamanin rediyo ya wuce, yanzu kowa da tasharsa a aljihu. Ranar 12 ga Yulin 2024 da ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Busa Buji, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai, kafin kowace tasha ta isa hotuna sun cika Facebook. Wasu sun taimaka, don sun sa jama'a sun garzayo da shebur da hannu. Wasu kuwa fuskokin yaran da suka mutu suka riƙa haskawa, iyaye na gani a waya kafin kowa ya zo ya yi musu magana. Ni ban ƙi a buɗe gasar ga mai watsawa da waya ba, in dai zai yarda a auna shi da abin da aka auna mai situdiyo. Da yawansu matasa ne masu son aikin, ba wanda ya taɓa nuna musu misalin da za su bi, abin da kawai suka ga yana kawo lada shi ne yawan masu kallo.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma Jos ta Arewa ba ta cika yin zaɓe a natse ba. Kayan da ake buƙata don fara naɗar tashoshin garin a makon zaɓe ba su wuce 'yan ƙananan rediyo, kwamfuta ɗaya, batir mai aiki da hasken rana da ɗalibai masu karɓa-karɓa ba. Kuɗinsu bai kai na hayar ɗakin taro na dare ɗaya a Maitama ba, kuma mu da ke waje, da muke tara kuɗin gyaran masallaci da na asibiti a zaurukan WhatsApp, za mu iya biya.